Yadda Ake Cika Sabon Batirin Babbar Mota da Gwada Shi Kafin a Kama Hanya

Daga Ngaundere a ƙasar Kamaru, inda layin dogo ya ƙare ake juye kaya cikin manyan motoci, har zuwa Kusiri da gadar Ngeli wadda ta tsallaka kogin Logon zuwa Njamena, babban birnin Cadi, da wuya a sami shagon kayan mota da ba a taɓa jin mai shago yana cewa, "Alhaji, sabo ne dal, a ɗora kawai, mota za ta cika shi a hanya," ba. Batura da yawa da ke mutuwa kafin su cika shekara, tun ranar da aka saye su aka fara kashe su, domin an ɗauki sabuntar kwali a matsayin shaidar cikar wuta. Batirin da ya fito daga shago yana buƙatar a auna shi, a cika shi da caja a ƙasa, a bar shi ya huta, a sake auna shi, sannan a ɗora shi a mota. Aikin yini guda ne da kwana, kuma mai motar da ya ƙi ba da wannan lokaci a garejin Garwa yana iya ba da ninkinsa a gefen dajin Waza, inda babu caja, babu mai gyara.

Batirin dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, yana da ɗakuna shida a cikin akwati guda, kowane ɗaki yana ba da kusan bolt 2.1, shi ya sa cikakken batirin da ake kira mai bolt 12 yake nuna 12.6 zuwa 12.7 a kan mitar auna ƙarfin wuta. Da zarar an zuba masa asid, wutarsa ta fara raguwa ke nan ko da ba a haɗa shi da komai ba, kuma saurin raguwar yana kusan ninkawa duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da digiri 10. Sai a yi lissafin batirin da aka zuba wa ruwa a masana'anta, ya yi makonni a teku, ya jira a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,800 zuwa Njamena, sannan ya zauna a shago mai rufin kwano a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Idan batir ya daɗe ba a cike ba, wani farin gishiri na salfet yana taruwa a kan farantan dalmar da ke ciki. Da farko mai laushi ne, caji yana narkar da shi. Idan ya daɗe sai ya daskare ya yi tauri, kuma wurin da ya rufe ya daina riƙe wuta har abada.

Altanetar mota ba ta iya gyara wannan. An ƙera ta ne domin ta mayar da abin da sitata ta ci wajen tayar da inji, ta kuma ɗauki nauyin fitilu da sauran kayan wuta, kuma tana aiki a kan tsayayyen ƙarfin wuta, don haka da batir ya fara ɗagawa sai abin da ke shiga cikinsa ya ragu sosai. Kashi na ƙarshe na caji, wanda shi ne ke narkar da gishirin, yana son sa'o'i masu yawa a jere. Motar da ke tafiyar awa biyu ta tsaya a shingen bincike, ta kwana uku a layin kwastan da inji a kashe, direba da yaronsa suna kunna fanka suna cajin waya, ba ta samun waɗannan sa'o'i.

Gwajin farko a gaban mai shago ake yin sa, kafin a ƙirga sefa. A duba ranar da aka ƙera batirin, wadda galibi an buga ta a kan murfi ko a gefen akwati cikin lambobi da haruffa. Kowane kamfani da tsarinsa, saboda haka a nemi mai sayarwa ya karanta ya bayyana. Batiri mai ruwa da ya wuce wata shida a ajiye ba tare da an taɓa sabunta masa caji ba, ya fi kyau a bar shi. A duba kawunansa biyu: idan akwai shatin matsewa ko alamar an kankare su, an taɓa amfani da shi, ko da an wanke akwatin an liƙa sabuwar takarda. A kuma ɗaga shi a ji nauyinsa, domin ƙarfin batir yana cikin yawan dalmarsa. Mai 180 Ah (Ah ita ce lambar da ke nuna yawan wutar da batir ke iya riƙewa) yana kusan kilo 45, mai 225 Ah kuwa yana haura kilo 55, kuma wanda mutum ɗaya zai ɗauka cikin sauƙi alhali an rubuta masa babbar lamba, akwai abin tambaya a kansa. Daga nan sai a sa mita. Idan ta nuna 12.6 ko sama, batirin a cike yake ko kusa da haka. A 12.4 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a 12.2 rabi ya tafi, a 12.0 kuwa saura kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Sabon batirin da ya sauka ƙasa da 12.2 a shago, ni dai ba zan ba da shawarar a saye shi ba, ko da mai shago ya yi alkawarin zai cika shi nan take, domin babu wanda ya san tsawon lokacin da ya yi a wannan hali.

Akwai batura iri biyu a kasuwanninmu, kuma shirinsu ya bambanta. Na farko shi ne wanda ya zo da ruwansa daga masana'anta, ko mai murafen da ake kuncewa ne ko rufaffe gaba ɗaya. Wannan caji kawai yake buƙata. Na biyu shi ne busasshe, wanda ake sayar da shi babu ruwa a ciki, sai an zuba masa asid ranar da za a fara amfani da shi. Ga ƙasa mai zafi da nisa da teku kamar tamu, busasshen yana da wata fa'ida babba, domin muddin ba a karya hatiminsa iska ta shiga ba, yana jure ajiya fiye da mai ruwa. Sai dai shi ne kuma aka fi ɓatawa a hannun masu gaggawa.

Zuba asid da sanyin safiya ya kamata a yi shi, a cikin inuwa, lokacin da batirin da ruwan duka ba su ɗauki zafin rana ba, saboda haɗuwar asid da farantai da kanta tana ta da zafi. A cire murafe da duk wani hatimi da ya toshe ƙofofin iska, a auna kaurin asid ɗin da ma'aunin kauri, wato bututun gilashin nan mai roba a kai da ɗan gora mai yawo a ciki, kafin digo ɗaya ya shiga. Kaurin da aka fi sani shi ne 1.28, amma kamfanoni da dama suna ba da umarnin a yi amfani da mai sauƙi, tsakanin 1.23 da 1.25, a ƙasashe masu zafi, domin asid mai kauri yana cin farantai da sauri idan ya haɗu da zafi. Abin da aka rubuta a jikin batirin ko a takardarsa shi za a bi. Ruwan batirin da ake sayarwa a gorunan da ba su da suna a bakin kasuwa, wani an cika masa ruwan famfo, wani an tsiyayo shi daga tsofaffin batura. Ma'auni zai nuna kaurinsa amma ba zai nuna tsabtarsa ba, don haka a saya daga wurin da aka amince da shi. Idan dole ta sa sai an haɗa a gareji, asid ake zubawa a hankali cikin tataccen ruwa, ba a taɓa zuba ruwa cikin asid, domin yin hakan yana sa shi tafasa nan take ya fantsama a fuska.

A cika kowane ɗaki har zuwa layin sama, ko kuma ruwan ya rufe farantai da milimita 10 zuwa 15. Sannan a dakata. Farantai busassu suna shan ruwa a hankali, kumfa tana fita, matakin ruwan yana sauka, akwatin yana ɗumi. Mafi ƙarancin jira shi ne rabin awa, amma ga babban batiri a yanayinmu, awa ɗaya zuwa biyu ya fi, har sai ɗumin ya lafa. A ɗan girgiza akwatin domin iskar da ta maƙale ta fita, a ƙara asid iri ɗaya a ɗakunan da suka sauka. Wannan shi ne karo na ƙarshe da asid zai shiga batirin a duk rayuwarsa, sai fa in ya kife ya zube. Abin da ke ƙafewa daga baya ruwa ne kawai, asid yana nan, saboda haka tataccen ruwa ake ƙarawa. Ruwan rijiya, ruwan burtsatse, ruwan kogin Binuwai, ruwan saman da ya gangaro ta kan kwano, har ma da ruwan gora na sha, duk suna ɗauke da ma'adinan da ke lalata farantai. Busasshen batiri yakan iya tayar da inji bayan zuba ruwa kawai, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Wutar da yake da ita a lokacin ba ta kai cikakkiya ba, ballantana idan ya daɗe a ajiye.

Kafin a taɓa caja sai a dubi wurin. Batirin da ke kan caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke kama wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, kuma ba ta da launi ko wari. Rumfa mai shan iska ta fi rufaffen shago. Mai walda, mai shan taba da murhun gawayin mai shayi duk su yi nisa. A sa tabarau mai kare ido da safar hannu ta roba, a cire zobe da agogon ƙarfe, a ajiye bokitin ruwa mai tsabta a kusa. Idan asid ya shiga ido, a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti. Wanda ya zuba a ƙasa ko a jikin akwati, jiƙaƙƙiyar kanwa tana kashe kaifinsa kamar yadda bikarbonat ke yi, kuma kanwa ba ta wuyar samu a wannan yanki na tafkin Cadi, amma a kiyaye kada ko kaɗan ta shiga cikin ɗakunan batirin.

Ƙa'idar caji mai sauƙi ce: kashi ɗaya cikin goma na lambar Ah da ke jikin batirin. Mai 120 Ah ampiya 12, mai 180 Ah ampiya 18, mai 200 Ah ampiya 20. A tsakiyar bazara, sauka ƙasa da haka ba ya cutarwa, lokaci kawai zai ƙara. Caja tana kashe ake maƙala wayoyi, ja a kai mai alamar +, baƙa a kai mai alamar −, sannan a kunna. Idan an gama, a kashe ta tukuna, a ɗan jira, sannan a cire, domin tartsatsi a daidai lokacin da iskar ta fi taruwa shi ne ke fasa batir. A sassauta murafen masu kuncewa. Maɓallin gaggawa da ke jikin manyan cajoji, wanda ke tura ampiya 50 ko fiye, an yi shi ne domin ceton motar da ta maƙale, kuma sa sabon batiri a kansa yana dafa ruwan, ya lanƙwasa farantai, ya zubar da abin da ke manne a jikinsu zuwa gindin akwati.

Za a iya ƙiyasta lokaci. Batiri mai 180 Ah da ya nuna 12.2 ya rasa kusan 90 Ah, kuma tun da ba duk wutar da aka tura ke zama a ciki ba, sai a ƙara kusan kashi 20 cikin 100, ya zama wajen 108 Ah. A kan ampiya 18, awa shida ke nan, kuma cajar da ke rage wuta da kanta za ta ɗauki fiye da haka. Idan an ɗauke wuta a tsakiya, abin da ba baƙo ba ne a arewacin Kamaru lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, babu ɓarna, amma a kashe caja, a rubuta sa'o'in da aka yi, a ci gaba idan ta dawo. Abin da ya fi agogo muhimmanci shi ne zafin ruwan batirin. Idan ya kai digiri 45 a rage wuta zuwa rabi, idan ya doshi 50 a kashe gaba ɗaya sai ya huce. A Marwa ko Njamena, inda iskar rana ita kanta take kusa da wannan mataki a watan Afrilu, caji daga magariba zuwa asuba shi ne hankali, matuƙar akwai mai tsaro a wurin.

Batiri rufaffe, wanda ba a iya ƙara masa ruwa, yana son caja mai sarrafa kanta wadda ke tsayawa a wajen bolt 14.4 zuwa 14.8 gwargwadon abin da kamfaninsa ya faɗa, domin duk ruwan da ya ƙafe daga cikinsa ya tafi ke nan. Ɗan idon gilashin da ke kan murfi, mai nuna kore ko baƙi, halin ɗaki ɗaya kawai yake nunawa cikin shida, saboda haka ba hujja ba ce.

Ga batiri mai murafe, ana sanin ya cika idan duk ɗakuna shida suna fitar da kumfa daidai wa daida, kuma lambar mita da ta ma'aunin kauri sun daina hawa a awo uku da aka yi awa ɗaya tsakani. A nan ma'aunin kauri ya fi mita faɗin gaskiya, domin yana duba kowane ɗaki shi kaɗai. A zuƙo ruwa har ɗan goran ya yi yawo ba ya taɓa gefe, a riƙe bututun a tsaye daidai da ido, a karanta, a mayar da ruwan ɗakin da aka ɗebo shi. A batirin da aka zuba wa asid mai kaurin da aka saba, 1.265 zuwa 1.28 cikakke ne, 1.225 kashi uku cikin huɗu, 1.190 rabi. Amma an tsara ma'aunin ne a kan wani zafi na musamman, galibi digiri 25 ko 27, kuma ruwa mai zafi yana nuna ƙasa da ainihin kaurinsa, don haka ana ƙara 0.0007 a kan kowane digiri da ya haura. Idan ruwan yana digiri 40, ma'auni mai tsarin digiri 25 ya nuna 1.255, ainihin kaurin yana wajen 1.265. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka batirin bai cika ba, ya ci gaba da dafa shi, ko kuma ya ƙara masa asid, wanda ya fi muni.

Haka kuma wanda ya zuba asid mai sauƙi na ƙasashen zafi kada ya jira lambobin da ke sama. Ƙarfin kowane ɗaki yana kusan daidai da kaurin ruwansa idan aka ƙara 0.84, saboda haka mai 1.28 yana ba da kusan 12.7 a ɗakuna shida, mai 1.24 kuwa yana tsayawa a wajen 12.5 ko da ya cika maƙil. Ko wane iri aka zuba, abin da ake nema shi ne ɗakunan su yi kusa da juna. Bambancin da ya kai 0.050 tsakanin mafi sama da mafi ƙasa bayan cikakken caji yana nufin ɗaki ɗaya ya lalace, kuma a sabon batiri wannan dalili ne na mayar da shi shago, ba na gyara ba.

Da an cire caja, mita za ta nuna 13 ko fiye, kuma wannan lambar ba ta da amfani, wuta ce ta saman farantai wadda ke gushewa. A bar batirin ya kwana, awa 12 ko fiye, a sake aunawa da safe. Idan ana sauri, a haɗa masa ƙwan fitilar mota mai bolt 12 na 'yan mintuna, a cire, a jira minti goma, sannan a karanta. Batirin da ya cika da dare ya wayi gari a wajen 10.5 yana da ɗaki guda da ya haɗe a ciki.

Mita da ma'aunin kauri suna faɗin yawan wutar da ke ciki, ba sa faɗin ko batirin zai iya sakin ta da ƙarfi lokacin da sitata ta nema. Wannan sai gwajin nauyi. A jikin batir akwai lambar CCA, wato ampiyar da zai iya bayarwa a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Wani zai ce me ya haɗa mu da irin wannan sanyi, amma lambar ita ce ma'aunin ƙarfin bugunsa a ko'ina, kuma duk wanda ya taɓa tayar da injin gasuwal, wato dizal, da asubar hunturu a tudun Ngaundere ya san ana buƙatar sa. Da na'urar gwaji mai iya jan wuta da yawa, ana ɗora wa cikakken batir rabin lambar CCA na tsawon daƙiƙa 15. A zafin digiri 21 ko sama, kada ya sauka ƙasa da bolt 9.6. Mai lamba 1,000 ke nan ampiya 500 za a ja. Ƙaramar na'urar nan mai ampiya 100 da ake gwada batirin tasi da ita ba ta isa ta girgiza batirin tirela ba, kuma za ta ce mai rauni ma lafiyarsa ƙalau. Yayin gwajin a leƙa cikin ɗakunan da tabarau a ido: wanda ya tafasa shi kaɗai ko ya fitar da hayaƙi, a nan matsalar take.

Na'urorin zamani masu allo, waɗanda ke auna batir ba tare da jan wuta mai yawa ba, suna da sauri kuma suna da amfani, amma dole a zaɓi tsarin auna CCA da aka rubuta a jikin batirin, ko EN ko SAE ko DIN ko JIS, domin lambobinsu ba ɗaya ba ne, kuma kuskuren zaɓi yana mayar da mai kyau mara kyau. Sukan kuma nuna ƙasa kaɗan a batirin da bai taɓa aiki ba, har sai ya yi 'yan kwanaki a mota. Gwajin da bai kamata a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne na ɗora waya ko sifana a kan kawuna biyu a ga girman tartsatsi. Ba ya auna komai, yana ƙona mahaɗan ciki, kuma a kan batirin da ya sauko daga caji yana iya tarwatsa akwatin.

Yawancin manyan motocin da ke bin hanyoyinmu, ko na ɗaukar audugar kamfanin Sodecoton ne, ko simintin Figil, ko albasar Marwa, ko kwantenar 'yan kasuwar Cadi, suna aiki da bolt 24, wato batura biyu da aka jera, kan + na ɗaya yana haɗe da kan − na ɗayan. A wannan jeri wuta iri ɗaya ce ke ratsa su biyun, kuma altaneta jimillarsu kawai take gani. Idan jimillar ta kai 28 ta gamsu, ko da ɗaya yana 15.5 ɗayan yana 12.5. Na farkon yana tafasa yana ƙafewa, na biyun yana zama da yunwa yana tara gishiri, kuma kowace tafiya tana ƙara tazarar. Kamar shanun noma biyu ne a karkiya ɗaya, ɗaya ƙosasshe ɗaya ramamme. Saboda haka ake canza su tare, a sayi iri ɗaya, girma ɗaya, kamfani ɗaya, kuma in da hali masu ranar ƙira ɗaya. Mai motar da ya ce a canza wanda ya mutu kawai domin ɗayan yana da sauran rai, ya rage kuɗi a yau, amma tsohon zai ja sabon ƙasa cikin 'yan watanni. Gara a ajiye tsohon mai sauran rai domin wani aiki, ko a haɗa shi da ɗan'uwansa tsoho.

Saboda wannan dalili ne kuma ya fi kyau a cika kowanne shi kaɗai da caja mai bolt 12, maimakon a jera su a sa mai bolt 24, wadda za ta yi irin makantar da altaneta ke yi. Bayan sun huta, bambancinsu a mita kada ya wuce 0.1.

Wajen ɗorawa, a kashe makulli, a jira 'yan mintuna a motocin zamani domin kwamfutarsu ta kammala rufewa, a kashe makashin batir idan akwai. Wayar mas, wadda ke haɗe da jikin mota, ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. A goge kawuna da bakin wayoyi har su yi ƙyalli, a duba gajeriyar wayar da ke haɗa baturan biyu, domin sau da yawa ita ce ta ruɓe a cikin robarta ake zargin batir. Kada a buga da guduma. Idan bakin wayar ya matse a buɗe shi, domin duka yana tsaga gindin kan batir asid ya riƙa tsattsafowa. Bayan an ɗaure sai a shafa basilin ko giris a sama, ba a tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba. Ƙarfen da ke danne baturan ya zauna daram. Igiya ko tsinken roba ba su isa ba a hanyar Mora zuwa Dabanga, kuma girgiza tana karkaɗe farantai kamar yadda zafi ke cin su.

A mota ma akwai gwaji. A sa mita a kan jerin gaba ɗaya, wani ya murza makulli: kada ta sauka ƙasa da wajen bolt 19.2, sannan a maimaita a kan kowane batir shi kaɗai a ga ko ɗaya ya fi ɗan'uwansa faɗuwa. Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 15, kuma a ba ta minti biyu kafin a sake. Da inji ya tashi, a ɗan ƙara masa wuta, a kunna fitilu, mita ta nuna tsakanin 27.6 da 28.8, kowane batir yana ɗauke da kusan rabi. Ƙasa da haka, a duba bel da altaneta; sama da 29, na'urar daidaita wuta ta lalace kuma za ta ƙafar da sababbin baturan kamar yadda wataƙila ta yi wa tsofaffin. Bayan an kashe komai, a cire wayar mas a sa mita tsakani a ga ko akwai abin da ke satar wuta a ɓoye.

A nan ne kuma ya dace a bi wayoyin da direbobi ke jawowa daga batir guda domin samun bolt 12 na rediyo, fanka, ƙaramin firji ko cajar waya. Wannan ɗabi'a ita ce babbar mai raba kan batura biyu, domin ɗaya kaɗai ake tatsa alhali tare ake cika su. Maganinta ƙaramar na'ura ce mai sauke bolt 24 zuwa 12, wadda ke jan wuta daga jerin gaba ɗaya, kuma kuɗinta bai kusanci na batir ɗaya ba. Maigida ya saya ya sa, ya gaya wa direba da yaron mota dalili, in ba haka ba wayar za ta koma inda take kafin a kai Figil.

Tsofaffin baturan a mayar da su ga mai shago ko masu tara su da ruwansu a ciki, kada a tsiyaye a ƙasa ko a fasa a cikin gida domin cire dalma. A unguwar Thiaroye ta bakin Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon gubar dalma daga irin wannan sana'a.

A rubuta ranar ɗorawa a jikin kowane batir da fenti, a kuma rubuta a bayan rasiti abin da mita ta nuna a shago, kaurin ɗakuna shida bayan caji, lambar safiya bayan hutu da sakamakon gwajin nauyi. Idan an koma neman garanti, waɗannan lambobi ne ke raba gardama tsakanin mai mota da mai shago. Bayan tafiya ta farko, in motar ta kwana a kashe, a sake auna kowanne shi kaɗai. Idan tazararsu ta fara wuce 0.2, a sauke su a cika su ɗaya bayan ɗaya, a kuma nemo abin da ke tatsar mai raunin. A lokacin bazara a duba matakin ruwa duk mako biyu, a ƙara tataccen ruwa bayan caji, sai dai idan farantai sun fito fili, a nan a rufe su da ruwa tukuna kafin a haɗa caja.